Jirgin da ya sauka ya ƙi tashi

Ran wata Asabar da hantsi ɗan yayana ya shigo da kwamfutarsa a hammata, ya ajiye ta a gabana ya ce, "Baffa, wasan nan ya ƙi fita." Wasan tuƙin jirgin sama ne, irin wanda mutum ke zama gaban allo kamar yana kujerar matuƙi, ga agogon tsayi ga na gudu, ga titin tashi a miƙe har inda ido ya tsaya. A ciki muka tarar da shi lokacin da muka sayi kwamfutar a hannun wani da ya dawo daga karatu a waje. Shekara biyu yaron nan yana tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano yana sauka a Jidda ba tare da ya bar ɗakinsu ba. Ya haddace abin da ake dannawa kafin a tayar da inji, har ya fara yi wa mahaifinsa zancen kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya. Yanzu ya samu gurbi a jami'a, an ce su ɗora manhajojin zane, rumbun kwamfutar kuwa giga 256 ne kacal, wasan da tarkacen da aka ƙara masa sun cinye fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Da kansa ya yanke shawarar rabuwa da shi, kuma na san abin bai zo masa da sauƙi ba.

Na shiga inda ake cire manhajoji na danna. Wani ɗan akwati ya fito ya ce a saka faifan da aka ɗora wasan da shi. Faifan yana can wata ƙasa, in ma ba a yar da shi ba. Na ce to bari mu sake ɗora wasan a kan na da, sau da yawa hakan kan gyara abin da ya lalace. Da ƙyar muka samo fayil ɗin ɗorawa a wurin wani abokinsa, muka kunna, shi kuma ya ce ai wasan yana ciki, a fara cire shi tukuna. Mai cirewa ya ce sai an kawo faifai, mai ɗorawa ya ce sai an cire. Ba shiga, ba fita.

Da yamma na biya wurin mai gyaran da nake kai wa aiki. Ko buɗe ta bai yi ba ya ce, "Alhaji, kada ka wahalar da kanka, fomat za a yi mata, gobe ka zo ka ɗauka." Ban ga laifinsa ba. Kwamfutoci sun kai goma a kan bencinsa, ga janareta na shan mai, ba shi da awa uku da zai ɓata wajen farautar fayilolin wasa ɗaya. Amma fomat na nufin a share komai: hotunan bikin yayar yaron, takardun makaranta, manhajojin da ya sha wahala ya sauke da datar dare. Ko an kwashe su a filash an mayar, sai an sake sayen data an sauke duk sabuntawar da kwamfutar ta tara. Ɗan haya ɗaya ya ƙi tashi, sai a ce a rushe gidan a sake gini. Abin da ya fi damuna shi ne mun saba da wannan amsa har mun daina lissafa ta cikin asara.

Ra'ayina a kan wannan ba ɓoyayye ba ne. Duk wanda ya rubuta manhaja ya sayar, ko ma kyauta ya bayar, nauyi ne a wuyansa ya tabbatar mai kwamfuta zai iya fitar da ita gaba ɗaya ranar da ya ga dama, ko babu faifai, ko babu intanet, ko da kamfanin ya daɗe da rufe ƙofa. Kuma lokaci ya yi da hukumomin kare masu saye za su ɗauki wannan a matsayin haƙƙi, kamar yadda suke ɗaukar ranar lalacewa a jikin gwangwanin madara.

Kafin a ce na kambama ƙaramin abu, bari in faɗi yadda matsalar ke aukuwa, don a nan gizo ke saƙar. Da yawanmu muna zaton manhaja abu ɗaya ce a wuri ɗaya, kamar buhun gero a kusurwar ɗaki, in ka gaji da shi ka ɗauke. A kwamfuta mai Windows ba haka abin yake ba. Babban wasa yakan zuba jikinsa a foldar Program Files, ya ajiye saitin mai wasa a wata ɓoyayyiyar folda da ake kira AppData, ya jibge wasu bayanan a ProgramData, ya buɗe wa kansa ɗaki a Documents, sannan ya rubuta sunansa a wurare da dama cikin rajista, wato babban kundin da Windows ke dubawa don ta san me ke cikinta da inda yake. Wadda ta san duk waɗannan lunguna ita ce manhajar cirewa, kuma kamfanin da ya yi wasan ne ya haɗa ta. Ita kanta ba ta tsaya da ƙafarta ba, tana dogara ne da wani ɗan lissafi da aka ajiye ranar ɗorawa, sau da yawa a wata ɓoyayyiyar folda mai suna Installer. In wata manhajar share shara ta ga lissafin nan ta ɗauka tarkace ne ta goge, ko aka kwashe wasan daga wannan rumbu zuwa wancan, ko aka cire gyare-gyarensa ba bisa tsari ba, shi ke nan. Kaya na nan jibge a ɗaki, takardar da ta lissafa su ta ɓata. An tsara abin ne ta yadda mabuɗin sallamar baƙo yana aljihun baƙon.

Masu wasan tuƙin jirgi sun fi kowa sanin wannan ciwo, domin wasanninsu manya ne kuma suna daɗewa a hannu. Kamfanin Microsoft ya fara fitar da Flight Simulator tun 1982. A Oktoban 2006 ya fitar da Flight Simulator X a faifan DVD biyu, da filayen jirgi sama da 24,000. A 2007 aka bi shi da gyare-gyare biyu da wani ƙari mai suna Acceleration. Kowanne a kan na ƙasansa yake zaune, kamar jeren kwalla a ɗakin amarya: daga sama ake fara saukewa. Wanda bai sani ba ya fara zaro ta ƙasa, sai ya haɗu da saƙonnin kuskure masu lambobi irin 1605 da 1628 da 1722, waɗanda ba sa gaya wa talaka komai. A Janairun 2009 Microsoft ya rufe ACES, sashen da ya ƙera wasan. Mutane kuwa ba su daina tashi da shi ba. Sun kai shi kan Windows 7 da 8 da 10, alhali an rubuta shi ne a zamanin Windows XP da Vista, har wani kamfani mai suna Dovetail Games ya sake fitar da shi a dandalin sayar da wasanni na Steam a Disambar 2014. Ga kuma ɗaruruwan jirage da filaye da wasu ƙananan kamfanoni ke sayarwa a ɗora a kansa, kowanne da tasa manhajar ɗorawar, kowanne yana taɓa fayilolin saitin wasan yadda ya ga dama.

Akwai wata 'yar manhaja da Microsoft ya tanada a da, Windows Installer CleanUp, wadda masu irin wannan matsala ke rugawa gare ta. Aikinta ta share sunan manhaja daga kundi don a samu damar sake ɗorawa, kayan kuwa tana barin su inda suke. A Yunin 2010 kamfanin ya janye ta saboda tana iya lalata wasu manhajojin da ba su ji ba ba su gani ba, daga baya ya fito da wata a madadinta. Wannan kaɗai ya isa shaida cewa matsalar ba ta rashin iyawar masu kwamfuta ba ce kurum. Wanda ya gina gidan da kansa sai da ya ƙera ƙarfen ɓalle ƙofa, kuma ƙarfen ya riƙa fasa bango.

Daren nan na zauna na yi aikin da hannu. Na fara kwashe takardun yaron da hotunansa zuwa wani rumbu na waje. Na sa kwamfutar ta ajiye hoton halin da take ciki, yadda in abu ya ɓaci za a iya komawa baya. Na bi ƙare-ƙaren da aka ɗora wa wasan ɗaya bayan ɗaya, waɗanda manhajar cirewarsu ke aiki na bar su suka fita da kansu. Sannan na shiga goge foldoji, ina buɗe kowace in leƙa kafin in taɓa. Rajista na bari ƙarshe, don ita ce wurin da garin neman gira ake rasa ido. Duk reshen da zan goge sai na fara ajiye kwafinsa. Na nemo sunan wasan, na same shi a wurare fiye da goma, a wasu wuraren ma ba suna ba ne, doguwar lamba ce mai haɗe da haruffa, sai ka buɗe ta ka ga ta wa ce. Akwai abubuwan da wasan ya shigo da su amma wasu manhajojin ma da su suke aiki, waɗannan na ƙyale su. Wuta ta ɗauke a tsakiyar aikin, muka ƙarasa da abin da ya rage a batir, shi yana haska mini madannai da fitilar waya.

Na iya wannan ne don aikina ya haɗa ni da kwamfuta shekara da shekaru. Malamin firamare fa, ko mai shagon buga takardu, ko uwar da ta sayi kwamfuta da kuɗin adashi don 'yarta ta koyi aiki? In suka nemi mafita a intanet, abin da zai fara tarar su shafuka ne masu alƙawarin cire kowace manhaja da dannawa ɗaya, kuma a cikin irin waɗannan ne ɓarayin bayanai ke ɓuya. Mutum ya je fitar da baƙo ɗaya ya dawo da uku. Duk manhajar cirewar da ta mutu ƙofa ce ta buɗe wa masu damfara.

Tarihi ya nuna kamfanoni ba sa ba wannan ɓangare kulawar da suke ba hanyar shiga, kuma dalilin a bayyane yake: ranar ɗorawa ake karɓar kuɗi, ranar cirewa ciniki ya ƙare. A ƙarshen 1998 kamfanin Bungie ya gama wani wasa mai suna Myth II, an buga faifai an fara kai su shaguna, sai aka gano cewa in mutum ya ɗora wasan a kan tushen rumbunsa maimakon cikin folda, manhajar cirewar za ta share rumbun gaba ɗaya. Mutane ƙalilan ne za su yi irin wannan ɗorawa, kamfanin kuma ƙarami ne a lokacin, yana iya yin shiru. Bai yi ba. Ya janye kwafi kimanin 200,000, abin da ya ci masa kusan dala 800,000. Ina kawo wannan labari ne don yabo, kuma don a ga cewa manhajar cirewa wuƙa ce mai kaifi da ake miƙa wa ikon goge abin da ke kwamfutar mutum. Abu mai wannan iko bai kamata a bar shi sai daren ƙarshe a haɗa shi a gurguje ba.

Akwai kuma waɗanda da gangan suke toshe hanyar fita. A ranar 31 ga Oktoban 2005 wani masanin Windows mai suna Mark Russinovich ya bayyana cewa wasu faya-fayan waƙa na kamfanin Sony BMG suna dasa wata manhaja a kwamfutar duk wanda ya saka su, manhajar da ke ɓoye kanta don hana kwafar waƙa, kuma ba ta zo da hanyar cirewa ba. Wanda ya yi ƙoƙarin goge ta da hannu yana iya rasa amfanin na'urar karanta faifansa. Da surutu ya yi yawa kamfanin ya fito da manhajar cirewa, amma sai ka cike takarda ka ba da adireshin imel ɗinka, kuma masana suka gano ita kanta tana barin wata kafa da ɓarayi za su iya shigowa ta ciki. Sai a 2007 hukumar kasuwanci ta Amurka, FTC, ta cimma yarjejeniya da kamfanin cewa zai biya har dala 150 ga wanda kwamfutarsa ta lalace, kuma dole ya samar da hanyar cirewa mai ma'ana. Kusan shekara ashirin ke nan da wata hukuma ta yarda cewa hana mutum fitar da abu daga na'urarsa cutarwa ce.

A duniyar wasan jirgi ma an ga irinsa. A Fabrairun 2018 aka gano cewa manhajar ɗora wani jirgin Airbus A320 na wasa, wanda kamfanin FlightSimLabs ke sayarwa kusan dala 100, tana ɗauke da wani fayil mai suna test.exe, wanda aikinsa kwashe kalmomin sirrin da mutum ya adana a Chrome, manhajar shiga intanet. Kamfanin ya ce masu satar kayansa kawai yake hari, fayil ɗin ba ya aiki a kan wanda ya saya da kuɗinsa, daga baya ya cire shi ya ba da haƙuri. Ko an yarda da bayaninsa, tambayar tana nan: mutum ya biya kuɗi ya buɗe ƙofa, an shigo masa da abin da ba a gaya masa ba. Wanda bai san abin da aka shigo da shi ba, ta yaya zai san an fitar da shi duka? Shi ya sa nake ganin haƙƙin cirewa da haƙƙin sanin abin da aka ajiye maka tagwaye ne.

Yau kayan sun ƙara nauyi. Flight Simulator na 2020, wanda kamfanin Asobo na birnin Bordeaux a Faransa ya ƙera wa Microsoft, ya fito ranar 18 ga Agusta yana neman wuri giga 150. Wanda aka sayar a kwali a Turai faifan DVD goma ne. Yadda aka tsara shi, ɗan ƙaramin ɓangare ake fara ɗorawa, shi ne kuma zai sauke sauran daga intanet ya zuba a foldar da ka nuna masa. In ka zaɓi wani wuri naka na daban, cire wasan ba lallai ya tafi da wannan folda ba, sai ka bi ta ka goge da kanka, in ka tuna inda take. Ga wanda ke da rumbu mai faɗi da intanet marar iyaka, wannan ƙaramin abu ne. Ga wanda ke ƙirga kowace giga, musamman tun da hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a Janairun 2025, shawarar "goge komai ka sake saukewa" kuɗin cefanen kwanaki ce. Masu tsara manhaja suna zaune ne inda wuri da data suke da araha, kuma kuskurensu mu da ke nesa muka fi biyan kuɗinsa.

Ga wata hujja da kamfanonin da kansu suka ba mu. Doguwar yarjejeniyar nan da muke danna "na amince" ba mu karanta ba, kusan kullum tana cewa ba a sayar maka da manhajar ba, izinin amfani kawai aka ba ka. A Satumbar 2024 jihar Kalifoniya ta yi doka cewa shagunan intanet su daina cewa "saya" ba tare da sun bayyana wa mutum cewa izini yake biya ba, kuma ba a jima ba Steam ya fara rubuta hakan a wurin biyan kuɗi. To madalla. In kayan naku ne, aro kuka ba ni, ai rumbun nawa ne, da kuɗina na saya. A al'adar kowace kasuwa, wanda ya ba da ajiya shi ke zuwa ya kwashe in mai shago ya ce yana son wurinsa. Ba zai yiwu a ranar da nake son sayar da wasan ko in ba ƙanena a ce ba nawa ba ne, sannan ranar da ya maƙale ya ƙi fita a ce matsalata ce ni kaɗai.

Na san abin da za a ce, kuma akwai gaskiya a ciki. Ba za a ɗaure kamfani ya yi ta hidimar wasan da ya fitar shekara goma sha biyar da suka wuce ba. Sau da yawa ma mai kwamfutar ne ya jawo wa kansa, ya goge folda da hannu don gaggawa, ko ya ɗora kwafin sata wanda masu fasa shi suka zubar da rabin fayilolinsa. Wannan na biyun ya shafe mu ƙwarai, don wasanni da yawa da ke kwamfutocin yaranmu daga filash ɗin kasuwa suka fito, kuma wanda ya ɗauki kayan sata ba shi da bakin kai ƙarar mai kaya. Na yarda. Sai dai abin da nake nema ba hidimar har abada ba ce. Aikin rana ɗaya ne, ranar da ake haɗa manhajar. A sa mata hanyar cirewa da ba ta neman faifai ko intanet. A ajiye ɗan rubutu shafi guda a cikin foldarta, da harshen da mutum zai gane, mai cewa ga inda muka zuba kaya, ga abin da muka rubuta a rajista, ga abin da bai kamata ka taɓa ba don wasu ma suna amfani da shi. Da na samu wannan shafi a daren nan, da aikin awa uku ya zama na minti goma. Kuɗin rubuta shi bai kai na zanen bangon kwali ba.

Kuma an riga an nuna abin mai yiwuwa ne, a cikin wannan fage ma. X-Plane, wasan tuƙin jirgi na kamfanin Laminar Research wanda shi ma babba ne mai nauyin gaske, kusan komai nasa a folda ɗaya yake zaune. In ka gaji da shi ka goge foldar, in kana so ka kwashe ta zuwa wani rumbu ta ci gaba da aiki. Zaɓi ne masu shi suka yi tun farko. A wayar hannu kuwa kowa ya san yadda ake yi: ka danne alamar manhaja, ka ce a cire, wayar da kanta ta fitar da ita, ba ta neman izinin wanda ya rubuta ta. A Linux ma, wato wani tsarin tafiyar da kwamfuta kamar Windows, tsarin ne ke riƙe da lissafin kowane fayil da ya ɗora. Microsoft ya bi wannan hanya da sabon tsarin ƙunshe manhaja da ya fitar a 2018 mai suna MSIX, kuma mataki ne mai kyau. Amma a nan ma ina da sharaɗi. Manhajojin da ake saukewa daga shagon Windows suna zama ne a wata folda mai suna WindowsApps, wadda a kulle take hatta ga mai kwamfutar. Ranar da cirewar ta cije, mutum zai ga wurinsa a cike amma an hana shi ko leƙawa. Karɓe mabuɗi daga hannun baƙo a miƙa wa mai gadi gyara ne, in dai maigida yana da nasa a aljihu.

Dokoki sun fara motsi, ko da yake ta wani gefe suka faro. Tun 2014 Koriya ta Kudu ta umarci masu sayar da waya su bar mutane su goge yawancin manhajojin da ake cusowa tun daga masana'anta. Dokar kasuwannin dijital ta Tarayyar Turai ta wajabta wa manyan kamfanoni su bar mutum ya cire manhajojin da suka zo da na'urarsa cikin sauƙi, da barazanar tarar da za ta iya kai kashi 10 cikin 100 na cinikin kamfani a duniya. Saboda ita ne daga 2024 mazauna Turai suka samu damar cire Edge, manhajar shiga intanet ta Microsoft, daga Windows, abin da aka daɗe ana nuna kamar ba zai yiwu ba. Wannan ya koya mini abu guda: "ba zai yiwu ba" a bakin kamfani sau da yawa yana nufin ba a tilasta mana ba tukuna. Ya kuma nuna cewa haƙƙin da aka ba mutumin Jamus ba ya isowa Kano ko Maraɗi da kansa, don kamfanin ya tsaya daidai inda dokar ta tsaya.

Ba na cewa Najeriya ta kafa kwamiti saboda wasan jirgi. Amma muna da hukumar kare masu saye, FCCPC, wadda a Yulin 2024 ta ci kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp, tarar dala miliyan 220, wato ba ta jin tsoron manya. Muna da NITDA mai tsara ƙa'idojin fasahar sadarwa. Wayoyi masu araha da ke cika kasuwanninmu suna zuwa da manhajojin da mai waya bai nema ba kuma ba ya iya gogewa, suna cin wuri suna cin data. Ciwon ɗaya ne da na kwamfutar ɗan yayana. Sharaɗi ɗaya cikin ƙa'idojin shigo da na'ura da sayar da manhaja, cewa duk abin da ba shi ne ran na'urar ba dole mai ita ya iya cire shi, zai taɓa rayuwar miliyoyin mutane. Haka su ma matasanmu da suka fara rubuta manhajoji, ina roƙonsu su gwada hanyar fita da irin kulawar da suke gwada ta shiga, su ɗora su cire, su duba me ya rage.

Wajen ƙarfe ɗaya na dare saura folda guda. Na ɗora kibiya a kanta zan goge, sai ya riƙe mini hannu ya ce, "Baffa, tsaya, littafin tashina yana ciki." Ɗan fayil ne da bai kai nauyin hoto ɗaya ba, wanda wasan ke rubuta duk tashi da sauka a ciki, da filin da aka baro da wanda aka nufa da awannin da aka yi a sama. Manhajar cirewar, da ta yi aiki, ba na jin za ta tambaye shi ko yana so. Muka kwafe shi a filash ɗinsa, ya sa a aljihun gaba. Na sake kunna kwamfutar, sunan wasan ya ɓace daga jeri, giga 71 suka dawo.

Bayan kwana biyu ya kira ni daga makaranta. Ya ce ya ga wata folda mai sunan da bai gane ba, kusan giga 3, kwanan watanta ɗaya da na wasan, ko ya goge? Na ce ya bar ta sai ya zo hutu mu duba tare.